Ganyen da Ya Kwana a Rijiya

A Kontagora in rijiyarka ta ƙafe ko ta fara wari, ba sai ka sha wahalar cigiya ba, kowa ka tambaya zai ce maka ka nemi Nagoggo. Sunansa na yanka Kamaluddeen, amma ko shi sai ya ɗan yi tunani kafin ya amsa shi. Goggonsa ce ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, sunan ya manne masa har furfura. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa igiya ta cinye shi har zanen ya ɓace. Shekarunsa sittin da biyu, kuma fiye da arba'in daga ciki a rami ya yi su, ko yana haƙa sabuwar rijiya ko yana yashe tsohuwa.

Sai dai in za ka kira shi, ka tanadi amsa tare da ruwan sha. Nagoggo ba irin mutumin da ake gaya wa abu ya ce to ya wuce ba ne. Ka ce masa ruwanka ya yi zartsi, zai tambaye ka tun yaushe, kafin saukar damina ko bayanta, wa ya fara lura, kuma me ya ci a ranar. A teburin mai shayi da zarar ya ajiye kofi ya ce, "To, amma me ya sa?" sai ka ga kowa ya tuna yana da uzuri a gida. Matarsa Kubura ta daɗe da sallamawa. Takan ba shi amsa ɗaya kan kowace tambaya, wato "Haka Allah Ya yi," shi kuma ya ce ai ya sani, yadda aka yi ɗin yake nema.

Kayan aikinsa ba su da yawa: igiya biyu, guga, dagi, gajeren shebur, sai wata tsohuwar fitilar aci-balbal da ya gada wurin mahaifinsa. A kan fitilar nan ba irin tsiyar da ba a yi masa ba. Lukman, abokin aikinsa mai riƙe masa igiya, magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, amma kullum sai ya zaro waya ya kunna tocila ya ce, "Baba, ga wadda ba ta mutuwa." Nagoggo yakan ce masa abin da ya sa ba ya son ta ke nan. Shi mai mutuwa yake nema, wadda za ta riga shi.

Ƙa'idar gidansu abu biyu ce kafin ƙafa ta shiga tsohuwar rijiya. Na farko ganye: a saro ɗanyen reshe a ɗaure dami, a zura shi har ƙasa a jawo, a sake zurawa a jawo, har kafaɗa ta yi tsami. Na biyu fitila: a kunna a zura a hankali. In ta isa ƙasa da ranta, a shiga. In ta mutu a hanya, a koma wa ganye. Mahaifinsu bai taɓa faɗin dalili ba. In an tambaye shi sai ya ce haka ya tarar, kuma wanda ya tarar wurinsa ya mutu a kan gadonsa, ba a rami ba.

Nagoggo yana da tambaya ɗaya da bai taɓa kai ta teburin mai shayi ba, ko Kubura ba ta san da ita ba. Shekarar da ya cika sha bakwai aka kira su yasar wata tsohuwar rijiya a wani ƙauye gaba da Beri. Zazzaɓi ya kwantar da mahaifinsu, sai ya tura shi tare da wansa Abdulsalami. Rijiyar tana ƙarƙashin wata ƙatuwar tsamiya, an jera itace an rufe bakinta shekara da shekaru. Da la'asar suka isa. Abdulsalami ya tafi gaida mai gari, ya bar masa sallahu ya yi ganye kafin magariba, gobe da sassafe su fara.

A ranar kuwa ana kokawa a dandalin ƙauyen, kiɗa na tashi har bakin rijiyar. Nagoggo ya saro dami, ya zura, ya ja sau biyu, sai dabara ta faɗo masa. Ganye dai magani ne, in ji zuciyarsa. Goggo in za ta yi masa jiƙo, ai barin sa take ya kwana, kuma wanda ya kwana ya fi ɗaci. To me zai sa ya karya kafaɗarsa? Ya zura damin har ƙasa, ya ɗaure igiyar a jikin tsamiya, ya mayar da itacen, ya tafi kallon kokawa yana jin ya fi kakanninsa wayo.

Da safe ya riga wansa zuwa ya jawo damin. Abdulsalami ya iso yana naɗe hannun riga.

"An yi ganye?"

"An yi, Yaya."

Suka duba kaya, ashe sun baro man fitila a Kontagora. Nagoggo ya ce bari ya roƙo a cikin gari. Abdulsalami mutum ne mai hanzari, ya ce ya bar shi, tun da an yi ganye. Ya kama igiya ya fara sauka yana taka ramukan jikin bango, yana ma ba shi labarin wata yarinya da ya gani a gidan mai gari. A tsakiyar maganar ya yi shiru. Igiyar da take da nauyi a hannun Nagoggo ta koma sakayau. Da ƙugiya aka fito da shi, kusan azahar.

Mutanen ƙauyen suka ce masu tsamiyar ne, an shiga gidansu ba sallama. Liman ya ce ajali ne, kuma Nagoggo bai taɓa musun wannan ba. Amma ya san ajali yakan shigo ta wata ƙofa, shi kuma ƙofar yake son gani. Mahaifinsu bai tambaye shi yadda ya yi ganyen ba har ya koma ga Allah, shi ma bai faɗa ba. Tun daga ranar tambayar take zaune a ƙirjinsa: ganyen da ya kwana ya yi aikinsa wani abu dabam ya ɗauke Yaya, ko kuwa "An yi" ɗin nan nasa ne ya kashe shi?

Shekaru suka yi ta tafiya yana tara abin da idonsa ya gani. Ya lura fitila ba ta cika mutuwa a rijiyar da ake jan ruwa kullum ba, sai a wadda aka rufe aka manta. Ya lura ta fi mutuwa a wadda bishiya ke zubar wa ganye, mai baƙin taɓo a ƙasa. Akwai shekarar da ya ɗauki zakaran Kubura ba da saninta ba, ya sa shi a kwando ya zura. Daidai inda fitila ta mutu, nan zakara ya langaɓe. Ya jawo shi da sauri, ya farfaɗo, amma kwana uku bai yi cara ba, ita ma Kubura kwana ukun ba ta yi masa magana ba. Daga nan ya gane wuta da mai rai abu ɗaya suke nema a cikin iska. Mene ne abin, kuma wa yake cinye shi a ramin da ba kowa, nan kansa ya tsaya.

Abin mamaki, mutumin da ya jarraba zakara, ya jarraba kyandir, ya jarraba garwashi a kasko, bai taɓa sake barin ganye ya kwana ya ga abin da zai faru ba. Jarrabawa ce ta dare ɗaya, ba ta cin ko sisi. Tsoron amsar yake yi.

A bazarar bana, lokacin da zafi ya kai mutum ya tsani rigarsa, Malama Christiana ta aiko a kira shi. 'Yar Rijau ce, tana koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata, gidanta na Tudun Wada. Akwai rijiya a tsakar gidan ƙarƙashin mangwaro. Tun da aka kawo burtsatse layinsu shekara huɗu da suka wuce aka ɗora mata murfin siminti, wanda ya tsage ta gefe, ganye na ta zurarewa ciki. Yanzu injin burtsatsen ya lalace, kowa ya tuna da tsohuwar rijiyarsa.

Ranar Juma'a da safe shi da Lukman suka ture murfin. Zurfinta gaba goma sha ɗaya, in an auna igiya da buɗin hannu biyu. Nagoggo ya kunna aci-balbal don ya fara ganin halin rijiyar, ya zura. A gaba na biyar harshen wutar ya ƙanƙance ya yi ja. A na shida ya ɗauke, ba iska, ba motsi, kamar an sa yatsa an danne. Ya ƙulla tsumma a igiyar daidai wurin.

Malama Christiana tana tsaye da jakarta a kafaɗa, tana jiran mai keke. Ta tafa hannu.

"Baba Nagoggo, wannan ai darasina ne na 'yan aji biyu! Da na sani da na kwaso su sun gani."

Lukman ya runtse ido, don ya san abin da ta jawo wa kanta. Nagoggo ya ajiye igiya ya juyo gaba ɗaya.

"Malama, kin san abin da ya kashe ta?"

Ta ce iskar da muke shaƙa ba iri ɗaya ba ce, gauraye take. A ciki akwai wadda ake kira oksijin, ita wuta ke ci, ita jinin mutum ke nema. In mutum ya shaƙe ta ya ƙona abincin da ya ci a jikinsa, sai ya fitar da wata, iskar kabon. Ita wannan ta fi nauyi, in ta samu rami sai ta kwanta a ƙasa.

"To, amma wa ke numfashi a can ciki?" in ji Nagoggo. "Shekara huɗu a rufe. Ko kwaɗo ban ji ba."

"Ruɓa, Baba. Ganyen mangwaron nan da ke faɗawa ba haka kawai yake ruɓewa ba. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke cin sa, kuma su ma numfashi suke kamar ni da kai. Su suka shanye oksijin ɗin, suka cika maka rami da kabon."

Nagoggo ya juya maganar a ransa. Ashe mutanen ƙauyen can ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, akwai masu gida a ramin da ba a gani, sai dai ba irin waɗanda suke nufi ba. Daɗi ya kama shi har yana murza hannu.

"To in kowa ci yake, mutum na ci, wuta na ci, ruɓa na ci, me ya hana ta ƙarewa a duniya?"

"Ga masu mayarwa nan." Ta nuna mangwaron da baki. "Ɗanyen ganye yana shan kabon ɗin da muka fitar, ya gina jikin bishiya da shi, ya sako mana oksijin. Mu ba su, su ba mu."

"Ganye?"

"Ganye."

"Ɗanyen ganye shi da kansa yake fitar da iska mai kyau?"

"Shi da kansa," in ji ta, daidai lokacin da mai keke ya danna oda a waje. Ta ce ta makara, sauran bayani sai gobe, ta fita da sauri.

Nagoggo ya zauna a kan murfin simintin. Shekara arba'in da biyar yana jiran wani ya faɗa masa wannan magana. In ganye shi ke ba da iskar, to wanda ya kwana ya fi wanda aka tsoma aka cire. Ashe dabararsa ta ƙuruciya daidai ce. Ashe ya yi ganye, har ya fi yi. Duk abin da ya ɗauke Yaya, ba hannunsa ba ne.

A karon farko ya ji yana da ƙarfin zuciyar jarrabawa. Ya hau mangwaron da kansa, Lukman na ta roƙonsa ya sauko, ya saro rassa ya haɗa dami ya fi na kullum girma. Ya zura har ƙasa, ya ɗaure igiyar a jikin bishiyar, ya ce a mayar da murfi.

"Baba, ba za mu ja ba?"

"Yau ganye zai yi aikinsa da kansa. Ka tafi masallaci. Gobe za ka ga ilimi."

A hanyar gida ya tsaya ya sayi balangu. Kubura ta karɓi ƙunshin tana kallonsa a kaikaice, ta tambaye shi ko ya sake ɗaukar mata wani abu ne ya zura a rijiya. Ya yi dariya har da buga cinya. Ta ce rabon da ta ji wannan dariyar tun auren 'yarsu ta fari.

Washegari Asabar, tun rana ba ta yi zafi ba suna gidan. Suka ture murfi, ya jawo damin, ganyen ya yi laushi ya sunkuyar da kai. Ya kunna fitila ya ce wa Lukman ya buɗe ido da kyau. Gaba ɗaya, biyu, uku, huɗu. A na biyar wutar ta yi ja. Tsumman da ya ƙulla jiya yana taɓa bakin rijiya, ta mutu.

Ya jawo ya ce lagwanin ne. Ya gyara lagwani, ya ƙara mai, ya sake zurawa. A tsumma ta mutu. Ya yi na uku. Ko faɗin yatsa ba ta ƙara ba.

Malama Christiana ta fito da tsintsiya a hannu. Lukman ya rattaba mata abin da aka yi yana ƙunshe dariya. Ita kam ba ta ɓoye tata ba.

"Wayyo Baba, laifina ne, rabin darasi na ba ka. Ganye ba ya wannan aikin sai da hasken rana."

Ta shiga ɗaki ta fito da kwalabe biyu farare masu faɗin baki. Ta cika su da ruwa, ta tsinko ɗanyen ganye ta nutsa a kowace. Ɗaya ta ajiye a tsakar rana, ɗaya ta kife mata baho. Ta ce su jira, ta kawo musu kunu.

Nagoggo bai taɓa kunun ba. Ya tsuguna gaban kwalbar da ke rana kamar mai gadin tukunya. Can bayan kusan awa ɗaya sai ga wasu 'yan ƙananan kumfa sun feso a jikin ganyen, ƙanana ƙwarai, jere a bayansa. Ɗaya ta saki ta hau sama. Duk da abin da ke cin sa, sai da ya ce, "Ikon Allah!" Yana kallon iska tana fitowa daga ganye da idonsa. Malama ta ɗaga bahon. Ganyen da ke duhu yana nan lumui, ba komai a jikinsa.

"Ka gani? Rana ce wutar girkinsa. A duhu ganye ba ya bayarwa, shi ma ci yake kamar kowa. Balle wanda aka sare, ai shi ya kama hanyar ruɓa. Kabon ɗin da ya tara a jikinsa zai koma iska."

"Kabon ɗin a jikinsa yake?"

"Ka san gawayi? To shi ne. In an ƙona itace a rufe, abin da ya rage baƙi ɗin nan, daga iska bishiya ta tsinto shi kaɗan-kaɗan."

A wata ranar da wannan maganar kaɗai ta ishe shi tambayar mako guda. Yau ya bar ta ta wuce.

"To ganyen babana fa? Na ga yana aiki, Malama. Sau ɗari na gani."

"Yana yi mana. Amma jan ne ke aikin. Mafici ne, Baba. Damin yana turo mummunar iskar sama, mai kyau ta bi bayansa ta sauka. Da buhu za ka cusa wa tsumma, ko ka buɗe laima ka zura, duk ɗaya ne. Kakanninka sun ga ganye ne a kusa, kuma ba a saye."

Lukman ya fashe da dariya, ya ce ashe shekara goma sha biyu fifita yake yi wa rijiyoyin Kontagora. Nagoggo bai taya shi ba. Yana kallon damin da ya kwana, yashe a gefe.

"Malama, in mutum ya zura ganye ya bar shi ya kwana, bai ja ba. Da safe aka tambaye shi an yi ganye, ya ce an yi."

"Ai ba a yi ba," ta ce, tana zubar da ruwan kwalba a gindin bishiya.

Da ta ɗago ta ga fuskarsa sai murmushinta ya tafi. Ba ta san me ta taɓa ba, amma ta san ta taɓa wani abu. Ta ce, "Baba, lafiya?" Ya ce lafiya lau. Ya gode mata, irin godiyar da ake yi wa wanda ya kawo saƙon rasuwa daga nesa, don ya sha hanya kuma ba laifinsa ba ne.

Baƙin ciki ya sauko masa, amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu mai kama da hutu. Shekara arba'in da biyar yana zagaya ƙofar nan, yau ga ta a buɗe. Ya san an manta mai, ya san Yaya ya yi gaggawa, ya san shekarunsa sha bakwai ne a lokacin. Duk ya lissafa wa kansa waɗannan, kuma duk gaskiya ne. Amma Yaya ya bar fitila ne don an ce masa an yi ganye.

Ya miƙe ya saro sabon dami. Lukman ya miƙo hannu zai karɓi igiya kamar kullum, ya ce masa ya zauna.

"Baba, gaba sha ɗaya ce fa, ga rana."

"Na ce ka zauna. Wannan jan nawa ne."

Ya zura ya jawo, ya zura ya jawo. Kowane jawowa sai wani wari mai ɗumi ya biyo damin, warin taɓo da daɗaɗɗen ganye. Gumi ya jiƙa rigarsa ya cire ta. Malama ta bar shara ta zauna a kan turmi tana kallon tsohon, ta kasa gane abin da ya sa yake jan igiya kamar mai faɗa da ita. Da ya tsaya shan ruwa, yana haki, tambaya ta sake kubce masa, don hali ba ya barin mutum ko a ranar makoki.

"Wannan da nake fitarwa, ina za ta?"

Ta nuna sama. "Ga mai ita nan yana jira. Daga ganyensa ta fito, yanzu rana na kansa, zai shanye abarsa. Baɗi ka zo ka ci ta a mangwaro."

"Numfashin mutum ma haka? Wanda ya fitar tun da daɗewa?"

"Ba ya ɓata, Baba. Wani ganye ya ɗauka a wani wuri."

Ya tuna tsamiyar nan ta gaba da Beri. Shekara uku da suka wuce ya bi ta hanyar a mota, ya hango ta tana nan, ta ƙara girma, an cike rijiyar, mata na shanya a ƙarƙashinta. A lokacin kau da kai ya yi. Yanzu ya ji yana son ya je ya tsaya a inuwarta ya dube ta da kyau. Rai na wurin Mai shi, wannan ba ya tambaya a kai. Amma numfashin da Yaya ya yi ta fitarwa a safiyar, yana naɗe hannun riga yana zancen yarinyar gidan mai gari, wataƙila yana nan a jikin wani reshe.

Ya koma wa igiya. Da ya sake zura fitila ta wuce tsumma, ta mutu a gaba na takwas. Ya ci gaba da ja. Tafin hannun da igiya ta daɗe da daina ji wa ciwo ya fashe a gindin yatsa. Ana kiran azahar fitila ta sauka har ƙasa, ta zauna a kan taɓo, harshenta tsaye, rawaya. Su uku suka leƙa suna kallon ta, 'yar ƙarama can ƙasa.

Bayan sun yi salla ya ɗaura igiya a ƙugu, abin da bai taɓa fasa yi ba tun daga waccan shekarar. Ya ce wa Malama taɓon da za a fitar kada ta bari a zubar a waje, a juye shi a gindin mangwaron, kayansa ne. Ya yi bisimilla ya fara sauka yana laluben ramukan bango da yatsun ƙafa. Zafin gari ya rage a sama, sanyi ya fara kama ƙafarsa. Ya wuce gaba na shida yana jan numfashi a hankali, yana jin yadda yake shiga har ƙasan ƙirji.

Ƙafarsa ta nutse a taɓo har ƙwauri. Fitilar na ci a gefensa. Ya ɗaga kai, bakin rijiyar ya koma kamar faifai, ga kan Lukman, ga ganyen mangwaro na motsi a cikin rana. Nan ne inda Yaya bai iso da ransa ba. Ya dafa bango, ya yi magana ba da ƙarfi ba, amma rijiya ba ta riƙe sirri, takan kai murya sama.

"Yaya, ban ja ganyen ba. Kokawa na tafi kallo. Ka yafe mini."

Ya tsaya kamar mai jiran amsa. Ba abin da ya ji sai ɗigar ruwa daga jikin bango. Hawaye suka zubo masa, ya bar su, don ba mai ganin sa.

"Baba!" Muryar Lukman ta sauko a tsorace, igiyar ƙugunsa ta yi tsai. "Da wa kake magana? Iskar ce? In jawo ka?"

Nagoggo ya dubi fitilar. Tana ci.

"Iska lafiya lau," ya ce, ya share fuska da bayan hannu. "Turo guga."